Shekarar da Aka Sassauta Mana Dokar Gidan Wuta

Ku ƴaƴana da jikokina, na san kowannenku yana da irin labarin da ya ji game da abin da ya shiga tsakanina da ƙanena Ibro a shekarar korona. Waɗanda suka tashi kusa da innarku sun ji cewa Ibro ya so ya sa ni ƙarya na ƙi. Waɗanda suka fi zama gidansa sun ji cewa ni mutum ne mai taurin kai, wanda ya fifita takarda a kan surukinsa. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, duka biyun kuma an rage wani abu. Tunda Allah ya ja kwanana har yanzu idona na ganin layin takarda, bari in rubuta yadda abin ya faru, don kada ku gaji rigimar da ba ku san tushenta ba.

Bayan na aje aikin injuna a Malbaza na dawo gida, ƙungiyar gari ta damƙa mini gidan wuta. Wani shirin taimako ne ya gina mana shi, saboda garinmu ya yi nisa da babban layin da ya bi titin Dogarawa, kuma ba wanda ya sa ran poto, wato turken wayar wuta, zai iso mu nan kusa. Ba wani babban wuri ba ne. Fili ne da aka kewaye da waya, da layukan pano masu shan rana, da ɗakin batir, da inji guda mai shan man gazuwal wanda muke kira gurup. Da rana pano ke ɗauke da gari, in rana ta yi sanyi gurup ya karɓa. Daga nan ake tura ruwa sama cikin shato, babban tankin gari, daga nan firigon gidan likita ke samun sanyin da yake ajiye alluran yara, sannan gidaje da shaguna su samu. Ni ke kula da inji. Ibro ke kula da waya da kwantar mai ƙirga wutar da kowane gida ya sha, shi ke hawa poto, shi ke shiga gida-gida, shi mutane ke gani. In wuta ta zo shi ake gode wa, in ta ɗauke ni ake zagi, kuma ban taɓa jin haushin wannan rabo ba, don ni dama ban iya hira ba, shi kuwa ko da jaki ya haɗu a hanya sai ya tambaye shi mutan gida.

Kowace shekara sai mun sabunta takardar shaida. Doka ce a kan mai ba jama'a kuran, wato wutar lantarki, sai an auna an ga injinka ba ya shan mai fiye da wutar da yake bayarwa, kuma wayoyinka ba sa zubar da kuran a hanya. Wanda ya faɗi awo ana ba shi ɗan lokaci ya gyara, in ya kasa a rufe wurin. Mai zuwa yi mana awon wata injiniya ce daga buro, ofishin hukuma da ke Tawa, Madam Zalika, gajeruwar mace marar yawan magana. Takan zo da akwatin na'urorinta, ta sa a cika galan da gazuwal a gabanta, a tada gurup, ta zauna kan kujerar roba tana duban agogo. Ba ta shan ruwan kowa sai ta gama rubutu. Duk zuwan da ta yi ban taɓa faɗuwa ba. Nakan sa takardar cikin leda in manna a bangon ɗakin inji, kuma in faɗa muku gaskiya, ina alfahari da ita fiye da yadda ya kamata dattijo ya yi alfahari da takarda.

Tun cikin sanyin wannan shekarar gurup ya fara canza murya. Wanda ya daɗe da inji yakan ji ciwonsa kafin ya gani. Hayaƙinsa ya yi baƙi, kuma galan da ke kai mu har a kashe shi ya koma ƙarewa da saura. Na kwance na duba, na ga ƴan bututun da ke fesa mai cikin inji sun cinye, suna zubar da shi maimakon su fesa. Ba abin gyara ba ne, sai sabo. Mai kawo mana irin waɗannan kaya yana Sakkwato, ta Ƙonni suke shigowa, ga iyaka a rufe tun kafin cutar. Da cutar ta zo sai ta ƙara wa ƙofar kwaɗo. Na aika wurin ƴan kayan gyara a Ƙonni, na sa an duba mini a kasuwar Badaguishiri, kowa ya ce in jira. Na wanke tsofaffin da kananzir na mayar, suka yi mini sati biyu suka koma yadda suke. Lokacin zuwan Madam Zalika na matsowa, ni kuwa na san in ta cika galan ɗinta ta dubi agogo, a karon farko zan faɗi. Abinci ya daina yi mini daɗi. Innarku ta ɗauka cutar da ake faɗa a rediyo ce ta kama ni, har ta fara dafa mini ganyaye.

Ana cikin haka, ana saura kwana kaɗan a ɗauki azumi, sakataren magajin gari ya aiko a kira ni. Na same shi da takunkumi a fuska, ya miƙo mini takarda daga nesa kamar mai ba maciji abinci. Daga buron su Madam Zalika take. An rubuta cewa saboda annoba ta hana tafiye-tafiye, ta kuma hana kayan gyara shigowa, an ɗage awon bana. Tsohuwar takardar kowa za ta ci gaba da aiki har hanya ta buɗe, kuma ba za a rufe wurin kowa ba don injinsa ya gaza. Na karanta wannan layin sau biyu, na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. A ƙasa akwai gurbi biyu, sai ka zaɓi ɗaya ka sa hannu. Na farko yana cewa injina yana nan yadda aka auna shi bara. Na biyu yana cewa injina ya ragu, ga abin da ya same shi. Wanda ya zaɓi na biyu zai ci gaba da aiki ba mai taɓa shi, amma ba zai ja wa kowa sabuwar waya ba har sai an zo an auna.

Yanzu sai in gaya muku abin da ya sa wannan sharaɗi ya zama dutse. Cutar ta koro mana ƴan ci-rani gida. Samarin da ke Abijan da Legas da Kwatano suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya ta hanyoyin daji, ba lokacin noma ba, ba aikin yi. Cikinsu har da Haruna, mijin ɗiyata Mariama. Maƙerin walda ne, ya yi shekaru yana haɗa ƙofofi da tagogi a Abijan, kuma da aiki ya tsaya can bai taho da komai ba sai injin waldarsa, wanda ya sha wahala ƙwarai kafin ya iso da shi. Mutum ne mai kunya, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. Da ya iso sai ya je wurin Ibro, ba wurina ba, ya roƙi a ja masa waya zuwa rumfar da ya kafa bakin kasuwa. Ibro ya ce masa an gama. Haka ya ce wa wani mai son sayar da ƙanƙara, da wani tela, da masu son injin niƙa. Ibro bai iya cewa a'a ba, kuma ba don mugunta ba. Yana ganin samari zaune ƙarƙashin itacen bedi tun safe har la'asar, abin yana ci masa rai.

Da hantsi na kai masa takardar a gidan wuta. Yana zaune a inuwar ɗakin batir yana feƙe waya. Na karanta masa ita da Hausa tun daga sama har ƙasa. Ya yi murna da farkonta kamar yadda na yi, da na zo ƙarshe sai ya aje wuƙar.

"To, Yaya, ai sai ka sa hannu ga na farko."

Na ce masa ya san gurup ba ya nan yadda yake bara, shi da kansa yana share baƙin hayaƙi a bango. Ya ce ya sani, amma waɗanda suka rubuto takardar su ma sun san kowane inji a ƙasar nan ya gaji, shi ya sa suka sassauta, kuma ba wanda zai taso daga Tawa cikin wannan hali don ya shinshina hayaƙinmu. Na ce sassaucin da aka yi mana shi ne kada a rufe mu, ba a ce mu ɗora wa inji marar lafiya kaya ba. Injin walda kaɗai in ya ja, fitilun gari sai sun yi ƙyafta. In gurup ya mutu cikin bazara, cikin azumi, shato ya bushe, alluran yara suka lalace, wa zai tsaya gaban gari? Ya ce in ban ja waya ba, samarin nan za su watse, kuma wanda zai fara tafiya mijin ɗiyata ne. Muka yi ta juya magana ɗaya har rana ta kore mu daga inuwar. A ƙarshe ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Ni na riga na ba mutane baki. In ka sa hannu ga na biyu, kai ka maishe ni maƙaryaci cikin gari."

"In na sa ga na farko kuma, ni na zama maƙaryaci ga takarda."

"Takarda ba ta jin yunwa, Yaya."

Ya tafi ya bar wayar da yake feƙewa a ƙasa. Ban taɓa ganin Ibro ya bar kayan aiki a ƙasa ba sai ran nan.

Kwana uku takardar na aljihuna. Gida ya yi tsit irin na gidan da kowa ya san maganar amma ba mai son farawa. Mariama ta zo da yaranta biyu ta yini, ta yi wa innarta daka, ta share mini ɗaki, ta wanke mini riguna, ba ta ce mini komai ba. Wannan shirun ya fi mini magana nauyi. Da za ta koma da la'asar ta durƙusa bakin ƙofa ta ce, Baba, Haruna yana gaishe ka. Na ce ina amsawa. Ta ɗan jima a durƙushe ko zan ƙara wani abu, ban ƙara ba, ta tashi.

Innarku ce kaɗai ta fuskance ni. Ita ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba ta san gurbi na farko da na biyu ba, amma ta saurari bayanina har ƙarshe tana tsince wake a faifai. Ba ta ce in yi ƙarya ba, ba ta kuma ce Ibro ya yi laifi ba.

"Malam, matar nan mai awo ba ka da lambarta? Ka kira ta mana. Ka gaya mata ga injinka, ga surukinka. Wanda ya rubuta doka shi ya san inda ta yi laushi."

Na ce mata ba a yin haka. Takarda ta fito a fili, ba abin tambaya a ciki. Abin da ban gaya mata ba, wanda sai yanzu nake iya rubutawa, shi ne kunya ce ta hana ni. Shekaru ina tsayawa gaban Madam Zalika da inji mai tsabta, tana rufe littafinta tana cewa da kowa kamar Malam Sani yake da aikinta ya yi sauƙi. Ban so ta ji muryata ina neman alfarma, balle alfarmar ta surukina. Na fi son ta buɗe takardata ta ga na faɗi gaskiya ba tare da an tambaye ni ba. Lambarta tana cikin salulata. Na buɗe ta na duba ya fi a ƙirga, ban danna ba.

Rana ta huɗu na sa hannu a gurbi na biyu. Na rubuta ciwon gurup dalla-dalla, har da batir biyu da suka fara rauni, na kai wa sakatare. Daga nan na wuce rumfar Haruna da ƙafata, don ban so ya ji a bakin wani. Ya share wurin, ya kafa teburin ƙarfe, injin waldar na gefe an lulluɓe shi da buhu. Da ya gan ni ya cire takalmi ya durƙusa. Na gaya masa ba za a ja waya ba sai an zo awo, kuma ban san ranar ba. Ya ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ya raka ni har bakin hanya.

Azumin nan mun sha wuya, amma wuta ba ta yanke ba. Na rage sa'o'in gurup, na ba shato da gidan likita gaba, na riƙa lallaɓa injin kamar tsohon da ake kai wa masallaci. Ruwa bai taɓa ƙarewa a famfo ba ko yini ɗaya, kuma wannan ina so ku riƙe shi, don shi ma gaskiya ne. Ibro kuwa ya daina zuwa gidan wuta. In waya ta tsinke yakan je ya ɗaura, don ba zai bar mutane cikin duhu saboda ni ba, amma ta bakin wani nake jin an gyara. A masallaci mukan gaisa gaisuwar baƙi. Samarin da aka yi wa alkawari suka daina tashi in na wuce. Na ji ana cewa gwamnati ta sassauta, Malam Sani ya ƙi sassautawa. Ranar salla Ibro ya turo matarsa da yara gaisuwa, shi bai zo ba, karo na farko tun rasuwar mahaifinmu.

Bayan salla da ƴan kwanaki Haruna ya tafi. Wasu abokansa ne suka ja shi arewa wajen haƙar zinariya, can gaba da Agadas. Ya bar injin waldar a ɗakin Mariama. Ya zo sallama da sassafe, na yi masa addu'a, na so in ce ya dakata damina ta kusa, amma na san gonarsu ba ta ciyar da gida biyu, kuma ni ne na rufe masa ɗaya ƙofar, sai bakina ya yi nauyi. Da farko yana kira duk juma'a. Daga baya kiran ya yi nisa. Damina ta wuce, aka yi girbi, sanyi ya shiga. Sai wata ranar kasuwa wani ɗan Alela da suke tare ya kira ya ce rami ya rufta da mutum uku, an fito da Haruna da rai, amma dutse ya danne masa hannun dama. Da aka kawo shi gida, hannun yana nan a jikinsa, sai dai yatsu uku sun tafi, sauran biyun ba sa lanƙwasawa. Na je duba shi. Mariama ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ni yadda ɗiya ke gaida uba, ba ta rage komai ba. Amma ba ta dube ni ba, kuma ta daɗe ba ta dube ni ba.

Har zuwa lokacin ina gaya wa kaina cewa ƙaddara ce, kuma na yi abin da ya wajaba. Da wannan nake kwana da shi nake tashi. Sai hanya ta buɗe. Kayan gyara suka iso mana tun kafin na sauran garuruwa, na sa sababbin bututu, gurup ya dawo da muryarsa ta da. Bayan haka Madam Zalika ta zo da akwatinta. Ta cika galan, ta dubi agogo, ta rubuta, muka ci awo. Da ta rufe littafin ta karɓi ruwa ta sha, ta ce mini saboda bayanin da na rubuta ne aka sa mu gaba a jerin masu samun kaya, kuma wasu da suka ce injinsu lafiya lau suka ɗora masa kaya, garuruwansu sun yi watanni ba ruwa a shato. Na ji daɗi har cikin ƙashina. Ina ma a nan maganar ta tsaya. Amma daɗin ya sa bakina ya buɗe, na ba ta labarin abin da gaskiyar ta jawo mini, da Ibro, da Haruna da hannunsa. Ina tsammanin za ta jinjina mini. Sai ta aje kofin, ta dubi layukan pano, ta tambaye ni da ƙarfe nawa batir ke cika a bazara. Na ce kafin azahar sun cika, sauran ranar wutar banza take tafiya.

"Malam Sani, sharaɗin nan don gurup anka sa shi, ba don rana ba. Masu wuri da yawa sun kira ni. Wanda duk ke da mai sana'a da zai yi aiki da tsakar rana, sa'ad da batir ya cika, na rubuta mishi izini, ya ja waya, da sharaɗin a kashe kafin la'asar. Mi ya hana ka kira ni?"

Ni da na yi shekara talatin cikin injuna, na san wutar tsakar rana tana zubewa, kullum ina ganin allurar ma'auni tana nuna batir ya cika. Ban taɓa haɗa wannan da rumfar Haruna ba, saboda tun ranar da na sa hannu na daina neman hanya, na koma tsaron matsayina. Ta ga yadda fuskata ta yi, ta ce ita ma da laifinsu, da sun rubuta shi a fili cikin takardar. Na gode mata. Ta hau mota ta tafi, na zauna kan kujerar robar da ta tashi har aka kira la'asar.

To ga abin da nake so ku fahimta. Da na bi Ibro na ja wa kowa waya dare da rana, da gurup ya mutu, da gari ya sha ƙishirwa. Ibro bai yi daidai ba a nan, kuma shi ma ya yarda daga baya. Amma Ibro yana kallon mutane, ya san dole a nemo musu wata hanya, ni kuwa ina kallon sunana. Ban yi ƙarya ba, kuma ko yau aka maido ni ba zan yi ba. Sai dai tsakanin ƙarya da abin da na yi akwai hanya ta uku, innarku ta nuna mini ita tana tsintar wake, na ƙi bi saboda girman kai.

Ba wanda ya ji abin da Madam Zalika ta gaya mini sai ni. Ina iya yin shiru in mutu a matsayin mai gaskiyar da aka zalunta. Na yi sati ina auna wannan. Ran nan bayan sallar asuba na bi Ibro har gida, na zauna a zaurensa na gaya masa duka. Na zaci zai ce ai ya faɗa. Sai ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce shi ma da ya san da wannan hanyar da bai matsa mini in yi ƙarya ba, kuma ba shi ya kamata in fara gaya wa ba.

Na san wanda yake nufi. Na sami Haruna zaune a ƙofar gida, hannun na cikin aljihu yadda ya saba ɓoye shi. Ya yunƙura zai durƙusa na hana shi, na zauna kusa da shi a kan tabarma ɗaya. Na gaya masa cewa da na yi kira ɗaya, da an ja masa waya tun kafin azumi, da bai tafi ba. Ban ce ƙaddara ba, ban ce ya yi haƙuri ba, don na ga ba ni da bakin faɗin haka. Mariama na bayan zana, na san tana ji. Da na gama, Haruna ya ce:

"Na ji, Baba."

Shi ke nan abin da ya ce. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Na tashi na tafi da nauyina.

Ibro ya ja wayar cikin satin, shi ya hau poto da kansa. Kwana biyu rumfar na rufe. A na uku, wajen hantsi, Mariama ta shigo gidan wuta, wurin da ba ta taɓa takawa ba. Ta tsaya bakin ɗakin inji ta dube ni a ido ta ce Haruna na son ya gwada da hagu, amma ba ya iya riƙe ƙarfe da walda lokaci guda, kuma ba ya son samari su gan shi yana kuskure. Ya ce ko zan zo in riƙe masa.

Na je. Na sa tsohon gilashin duhu, na kama ƙarfen da filaya, shi yana bin layi da hannun da bai saba ba, yana karkarwa, yana tsayawa, yana sakewa. Tartsatsi ya huda mini riga wuri biyar. Mun yi wata guda a haka, daga cikar batir zuwa la'asar, ba ma magana sai ɗaga nan, sauke can. Ƙofar farko da muka gama ta fito a karkace, ɗinkin kamar sawun kaza. Haruna ya ce a yanka ta a sake. Ibro na tsaye yana kallo, ya kira mai amalanke ya ɗora ta ya kai gidansa ya kafa a zaure.

Ita ce wadda kuke ɗagawa kaɗan kafin ta rufu in kun je gaida shi. Na ji wasunku na cewa za su haɗu su canza masa sabuwa kafin salla. Ku bar masa ita.